Ko Kun Sani? Garin Bonifasiyo Mai Gidaje a Saman Teku

Garin Bonifasiyo, a kudancin tsibirin Kosika na Faransa, yana bisa farin dutse mai tsayin kimanin mita 70 a bakin Bahar Rum. Igiyar ruwa ta ci gindin dutsen, har wasu tsofaffin gidaje kamar sun yi reto a saman teku. Masu yawon buɗe ido kan taso da safe daga tsibirin Sadiniya na Italiya, tafiyar kusan awa guda a jirgin ruwa, su koma da yamma. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne matakala mai hawa 187 da aka sassaƙa a jikin dutsen. An ce sojojin Sarkin Aragon suka yi ta cikin dare ɗaya a 1420, amma wannan almara ce: hanyar ɗebo ruwan sha ce.