Kalmar «kosher»: daga wuƙar yankan Yahudawa zuwa bakin mutanen Amurka

Wani ɗan uwanmu mai sauraro, mutumin jihar Tawa da ke tuƙin taksi a birnin Niyok, ya aiko mana da saƙon murya ta WhatsApp. Ya ce wani mutum ne ya yi masa tayin samo masa takardar izinin aiki cikin sati biyu, in ya biya kuɗi hannu da hannu. Da ya ba abokin aikinsa Ba'amurke labari, sai ya girgiza kai ya ce da shi «it's not kosher». Shi kuwa ɗan uwan namu a jikin kwalin abinci kaɗai ya san wannan kalma. Shi ne yake tambaya, mi ya haɗa takarda da abinci?

To malam, gargaɗi ne abokinka ya yi maka. Cewa ya yi akwai lauje cikin naɗi, ka riƙe kuɗinka. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe, don mutanen gida su ma su amfana.

Ana furta kalmar kamar «kosha», kuma ba ruwanta da ƙoshi ko ƙosai. Asalinta Ibrananci ne, «kasher», wato abin da ya dace, ya cika ƙa'ida. Yahudawan Turai da suka yi ƙaura zuwa Ingila da Amurka ne suka shigar da ita Ingilishi a ƙarni na 19. Masu jin Faransanci sun san ta da «casher». A addinin Yahudu tana nufin abincin da shari'arsu ta yarda a ci, kuma tushen dokokin yana cikin Attaura, musamman babi na 11 na Littafin Firistoci.

Dabbar tudu sai ta cika sharaɗi biyu: tana tuƙa, kuma kofatonta a rabe yake. Saniya, tunkiya da akuya sun shiga. Alade ya fita, nan mun yi tarayya da su. Amma raƙumi ma ya fita, nama da nono duka, haka nan zomo. Kifi kuwa sai mai ɓawo da fuka-fukan iyo, ke nan tarwaɗar da muke sha'awa a miya ba ta hau teburinsu. Abin da zai ba mutanen Maraɗi dariya shi ne fara: Attaura ta hana cin ƙwari amma ta keɓe wasu nau'o'in fara, kuma Yahudawan Yaman sun daɗe suna cin ta, ko da yake mafi yawan sauran sun bar ta.

Yanka ma da nasa tsarin. Sai wanda ya yi karatun aikin yake yi, da wuƙa mai kaifin gaske wadda ba ta da ko ɗan tsagu a baki, a ja ta ba tare da tsayawa ba. Bayan nan a duba huhun dabbar, a jiƙa naman, a barbaɗe shi da gishiri don ya zuƙe sauran jini. Daga nan ne gishiri mai manyan ƙwayoyi da ake saidawa a kantunan Amurka ya samu sunan «kosher salt».

Dokar da ta fi nisa da al'adarmu ita ce ta raba nama da nono. Ba a dafa su tare, ba a cin su tare, kuma a gidan da ake kiyaye addini tukwane da kwanonin kowanne daban ne. Wanda ya ci nama yakan jira, da yawansu har awa 6, kafin ya sha madara. Ku duba fa, a ce ka ci kilishi sannan a hana ka fura da nono sai bayan la'asar!

Yanzu ga inda muke so ƴan uwanmu na ƙetare su buɗe kunne. Da yawa in ba su samu shagon halal kusa ba, sukan nemi alamar nan ta harafin U cikin da'ira, ta ƙungiyar Orthodox Union da ke Niyok, wadda ta fara fitowa a kayan kamfanin Heinz a 1923. Alamar tana tabbatar da babu alade a ciki, wannan gaskiya ne. Sai dai ba ta ce babu barasa ba. Addinin Yahudu bai haramta giya ba, akwai ma ruwan inabi mai sa maye da ke ɗauke da wannan alama, da shi suke buɗe ranar Asabar. Don haka a riƙa karanta jerin abubuwan da aka zuba a ciki. Game da naman kuwa, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin ma'abota littafi, amma malamai sun yi bayanai a kan sharuɗɗa, ciki har da batun ambaton sunan Allah, tunda mai yankansu yakan yi addu'a sau ɗaya ne a farkon aiki, ba a kan kowace dabba ba. Wannan kam hurumin malamai ne, ba na gidan rediyo ba.

Yadda kalmar ta tsallaka daga madafa zuwa kasuwa ba zai ba Bahaushe mamaki ba, don mu ma haka muka yi da «halak». Muna cewa kuɗin halak, gumin halak, har wanda ya shigo ana cikin zancensa mu ce ɗan halak ne. Haka masu jin Ingilishi, Bayahude da wanda ba shi ba, suke cewa ciniki ko takarda ko kwangila «kosher» ce in ba ta da maguɗi. An fi jin ta a kore, irin yadda aka gaya wa ɗan uwanmu, ko a tambaya, «is it kosher?», wato babu matsala da hukuma? Magana ce ta hira, ba zagi ba ce ga kowa, amma ba a rubuta ta a takardar ofis.

Waɗanda ke Faransa da Beljiyam kuwa ba kasafai za su ji ta da wannan ma'ana ba. Can in abu ya yi warin zamba, cewa suke «ce n'est pas très catholique».