Halayen Da Ke Riƙe Da Jarin Attajiri: Darasi Daga Kasuwannin Ƙasar Daura

Duk ranar Lahadi, tun kafin rana ta ɗaga, hanyar da ta tashi daga Daura zuwa Mai'adua takan cika da motocin shanu da na hatsi, domin kasuwar garin tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Jihar Katsina, kuma masu saye da sayarwa sukan zo mata daga Kano da kudancin ƙasar nan, har da Jamhuriyar Nijar ta iyakar Kwangwalam. A wannan kasuwa za a ga attajirin da ya shekara talatin yana sayen shanu, a gefensa kuma ga ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a cikin sana'ar. Sau da yawa abin da ke raba su ba yawan jari ba ne, yadda kowannensu yake tafiyar da yininsa ne.

Hali na farko shi ne sammako. Bayan sallar asuba gogaggen ɗan kasuwa yakan nemi labarin farashi daga abokan cinikinsa na Kano da Damagaram, ya kuma san yadda Naira ta kwana da kuɗin sefa, tun da dabbar da aka shigo da ita daga Nijar da sefa aka saye ta. Wanda ya iso kara da hantsi kuwa, sai ya tarar an zaɓe masu ƙiba, dillalai kuma sun riga sun tsayar da farashin ranar ba da shi ba. Da sanyin safiya ake kama fara.

Hali na biyu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne lissafin dare, watau mutum ya zauna kafin ya kwanta ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da boko ko da ajami. A nan ne ake cire la'adar dillali, da kuɗin mota, da na lodi, da harajin kasuwa, da abincin dabbobin da suka yi kwantai, sannan a ga ko akwai riba. Sabon shiga yakan ga kuɗi cike da aljihu ya ɗauka duk nasa ne, ya yi cefane a ciki, ya yi gudunmawar biki a ciki, bai farga ba sai uwar kuɗi ta zaizaye. Shi kuwa tsohon hannu yakan yanka wa gidansa abin da zai ci, sauran ya bar wa sana'a. Wannan lissafi ne kuma yake sauƙaƙa masa fitar da zakka, kashi ɗaya cikin arba'in na dukiyar ciniki idan ta kai nisabi, shekara kuma ta zagayo.

Tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata ya tabbatar da haka. An haife shi a Bebeji cikin 1877, a zuriyar Agalawa, ya kuma fara tara 'yan kuɗinsa a asusu tun yana almajiri. Daga fataucin goro zuwa Gwanja ya shiga sayen gyaɗa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano, har a cikin 1929, da bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, ya ajiye kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Duk da wannan arziki, an san shi da tsimi da sauƙin rayuwa har ya rasu a 1955. Gidan da ya kafa bai watse ba bayansa, kuma Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Hali na uku shi ne cika alkawari. Yawancin cinikin dabbobi da hatsi a ƙasar Hausa da baki ake ƙulla shi, mai kaya ya ce ya sallama, dillali ya tsaya shaida, a ɗauki kaya a biya kasuwa mai zuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya saɓa ranar biya sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Zango da Baure. Saboda haka attajirin kirki yakan duba littafin bashinsa kullum, in ya ga ba zai iya biya a kan lokaci ba, ya aika tun da wuri ya nemi uzuri.

Har ila yau akwai zama da yaran gida. Maigidan da yake cin abinci tare da direbobinsa da masu awonsa yakan ji abin da ke faruwa a hanya da rumbu kafin ɓarna ta yi nisa, kuma a irin wannan zama ne yake gane wanda ya isa a ba shi jari.

Amfanin waɗannan halaye ya fi fitowa lokacin tsanani. An rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya a watan Agusta na 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun Naira saboda canjin kuɗi, sannan aka sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, har zuwa Maris na 2024. A irin wannan hali wanda ya san iyakar jarinsa yakan iya rage saye ya jira, wanda aka yarda da maganarsa kuma yakan sami kaya ko da babu kuɗi a hannu.

Don haka ma'aikacin da ke shirin ritaya, da ɗalibin da ke tunanin kama sana'a, ba sai sun jira babban jari ba. Suna iya farawa yau da ɗan littafi da alƙalami, su rubuta kuɗin da suka kashe kafin su kwanta.