Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Sana'ar Isar da Saƙo a Matamaye

A ce wata ƙungiya ta iso Matamaye da aikin rigakafin yara, ko rabon irin gero kafin damina. Jami'inta na hulɗa da jama'a ya rubuto sanarwa da Faransanci tun daga Yamai, aka liƙa ta a allon ma'aikatar magajin gari, aka ɗora hoto a Facebook, ya kakkaɓe hannu wai ya gama. Ranar aiki ta zo, an kafa rumfa, an jera kujeru, ba kowa sai yara da awaki. Daga nan sai ka ji ana cewa mutanen karkara ba su waye ba. Alhali kuwa saƙon ne bai bi ta ƙofar da saƙo yake shiga gari ba.

Kowane gari da hanyar da magana take bi a cikinsa, kuma ta Matamaye ta girmi rediyo da salula. Magana takan taso daga fadar Sarkin Kance, ta sauka wurin masu gari da masu unguwanni, mai shela ya ɗauka ya zaga da ita lungu-lungu da yamma, lokacin da kowa ya komo daga gona. Liman ya maimaita ta bayan salla. Sarkin tasha ya faɗa wa direbobi, su kuma su sauke ta tare da fasinja a Takeita, ko Magarya, ko Ɗan Barto. Akwai kuma hanyar da baƙo ba ya gani: wanzami mai shiga gida-gida, ungozoma, uwar adashi, taron suna da na biki inda mata suke tace kowane labari kafin su yarda da shi, da fadojin matasa inda ake kwana shayi ana warware zancen duniya. Waɗannan duka ma'aikatan sadarwa ne, ko da ba mai takardar shaida a cikinsu. Wanda ya yi karatun aikin, aka ba shi ofis da kwamfuta, shi ne ƙarami a wannan zuri'a, kuma ladabin ƙarami shi ne ya fara zuwa gaisuwa.

Nijar ta daɗe da gane haka. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda mutanen ƙauye suke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar wa gidan rediyo. A zamanin Seyni Kountché, ƙungiyar Samariya ce ta riƙe wannan aiki na tara jama'a. Wajen shekarar 2000 aka buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare, daga nan irinsu suka bazu cikin ƙasa. A jihar Damagaram ɗin nan kuma aka fara makarantar mazaje da tallafin hukumar UNFPA, inda magidanta da gari ya yarda da su suke zama su tattauna lafiyar mata da zuwa awon ciki, sannan su je su shawo kan ƴan'uwansu maza. Dabarar ba ta sauya ba tun farko: a nemo bakin da jama'a suke jin maganarsa.

Mutumin Matamaye yana da wani dalili na musamman da zai sa ya riƙe wannan darasi. Garin yana kan hanyar da ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Kwangwalam, ta wuce Daura zuwa Kano, kuma jita-jita ba ta tsayawa a duba mata takarda a kan iyaka. A 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda raɗe-raɗin cewa an gurɓata maganin, sai da aka shiga tsakiyar 2004 kafin a ci gaba, cutar kuwa ta riga ta tsallaka ƙasashe da dama. Tallar rediyo da manyan alluna ba su isa su kashe wannan wuta ba. Sai da aka koma wurin sarakuna da malamai, wasunsu suka ɗiga wa ƴaƴansu maganin a bainar jama'a, sannan hankali ya fara kwantawa. Gani ya kori ji. Abin tambaya shi ne, me ya hana a je wurinsu tun kafin wutar ta kama? Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu masu wannan aiki mun ƙware wajen neman lambar liman ranar da rikici ya ɓarke.

To ina masu sana'ar suke haɗuwa su san juna? A Najeriya akwai ƙungiyar NIPR ta jami'an hulɗa da jama'a, wadda aka kafa a 1963, doka ta ba ta ikon tsara sana'ar a 1990, tana da rassa a jihohi da tarukan shekara. A matakin nahiya akwai APRA, wadda ta samo asali a Nairobi a 1975. A Nijar yawancin tsofaffin hannu sun fito daga makarantar IFTIC ta Yamai, kuma manyan taruka can ake yin su, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Ma'aikacin rediyon karkara da ba ya da tabbacin albashin ƙarshen wata ba zai biya wannan kuɗin mota don ya je ya karɓo katin wani ba. Kano ta fi masa kusa nesa ba kusa ba, ga harshe ɗaya, ga Jami'ar Bayero da tsangayarta ta koyar da aikin sadarwa, amma zumuncin sana'a tsakanin ɓangarorin biyu bai kai ko rabin na ƴan kasuwar rake da dabbobi ba. Wannan abin kunya ne a gare mu.

Abin da ya rage mana shi ne taron bita na ƙungiyoyin agaji. Ban raina shi ba, don ana koyon abu. Sai dai kowa ya san yadda yake ƙarewa: a sa hannu a takarda, a karɓi kuɗin zama, a ɗauki hoto a gaban kyalle, a buɗe zauren WhatsApp wanda bayan mako biyu ba abin da ake turawa sai gaisuwar Juma'a. Ga ranaku nan kuwa da ba sai an jira mai ba da kuɗi ba: 13 ga Fabrairu ranar rediyo ta duniya, 3 ga Mayu ranar ƴancin aikin jarida, da 30 ga Nuwamba wadda Nijar ta keɓe wa ƴancin jarida, don tunawa da ranar da Shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain a 2011. Tabarma, butar shayi da inuwar gawo sun isa a tara mai gabatar da shiri, da jami'in asibiti, da malamin gona, da sakataren fada, da mai shela, kowa ya faɗi jita-jitar da ta fi ba shi wuya a bana da yadda ya yi da ita.

Lokaci kuma yana sauyawa da sauri. Babban sauyi, a ganina, shi ne saƙon murya. Rubutu ya daɗe yana ware wanda bai yi boko ba, amma yanzu tsohuwa a ƙauye tana iya naɗar magana ta tura wa ɗanta a Legas ko Agadas, ta kuma karɓi ta wani malami da ba ta taɓa gani ba. Mai shela ya shiga aljihun kowa, sai dai wannan mai shelar ba sarkin da ya aiko shi, ba kuma wanda zai tuhume shi in ya yi ƙarya. Maganinsa murya ce irin tasa: gajeren saƙo da Hausar gari, a bakin wanda aka sani, ya faɗi sunansa da muƙaminsa tun a farko, kuma ya fita a ranar da jita-jitar ta fita. Wanda ya tsaya jiran sa hannun shugabansa na kwana uku ya tarar kasuwa ta watse.

Sauyi na biyu na harshe ne. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wannan dama ce ga ɗan Matamaye, amma da nauyi a cikinta, domin iya Hausa daban, iya rubuta sanarwa da Hausa daban. Sau nawa muka ji fassarar da kalmominta na Hausa ne amma ƙashinta na Faransanci, har mai sauraro ya tambayi na kusa da shi me aka ce? Studio Kalangou, da ke shirya labarai cikin harsunan ƙasa tun 2016 yana raba wa gidajen rediyo abokan hulɗarsa, ya nuna cewa aiki ne da ake koyo kamar kowane aiki.

Sai kuma taka-tsantsan. A Nijar an dakatar da RFI a Agusta 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024, kuma a Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ta intanet. Ko mutum ya yarda da waɗannan matakai ko bai yarda ba, ya kamata mai riƙe da shafin wata ma'aikata ko zauren WhatsApp ya san da su kafin ya danna tura.

Duk da waɗannan sauye-sauye, in aka turo sabon jami'i Matamaye ya tambaye ni ta ina zai fara, zan ce ya ajiye kwamfutar tukuna. Makonsa na farko ya je fada ya yi gaisuwa, ya zauna a tasha har a saba da fuskarsa, ya tambayi sunan ungozomar kowace unguwa ya rubuta. In ya ji an yi rasuwa a gidan mai shela, ya cire takalmi ya zauna a tabarmar ta'aziyya har a shafa fatiha.