Tambayoyin Auna Hujja a Jarrabawar Shiga Makarantun Lauya ta Amurka: Darasi ga Masu Tsara Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka ba a fara karatun lauya sai bayan an kammala digirin farko a wani fanni. Daga nan ne mai neman gurbi zai zauna jarrabawar da ake kira LSAT, wadda yawancin makarantun lauya na Amurka da Kanada ke dubawa wajen ɗaukar ɗalibai. Wannan ya sha bamban da tsarin Nijeriya, inda ɗalibi ke shiga tsangayar shari'a ta jami'a daga sakandare ta hanyar jarrabawar JAMB. Abin lura game da LSAT shi ne ba ta tambayar komai a kan doka. Abin da take aunawa shi ne iya karatu da iya rarrabe hujja mai ƙarfi da mai rauni. A wannan maƙala za mu bayyana yadda ake warware tambayoyin sashen auna hujja, sannan mu duba abin da malamin Hausa zai iya tsinta a ciki.

2.0 Tsarin Jarrabawar

An fara gudanar da LSAT a shekarar 1948, kuma hukumar LSAC ce ke shirya ta. Tun daga 1991 ake ba da maki daga 120 zuwa 180. Daga watan Agusta na 2024 an cire sashen wasannin ƙwaƙwalwa da aka daɗe ana yi, aka bar sassa uku masu maki: biyu na auna hujja, ɗaya na auna fahimta. Akwai sashe na huɗu wanda ba a lissafa makinsa, domin da shi ake gwada sababbin tambayoyi. Kowane sashe minti 35 ne. Sashen auna hujja kan ƙunshi tambayoyi kimanin 25, ke nan kowace tambaya ba ta samun ko minti ɗaya da rabi. Ana kawo gajeren sakin layi, a bi shi da tambaya, sannan a jero amsoshi biyar, ɗaya ce kawai daidai.

3.0 Matakan Warware Tambaya

Matakin farko shi ne raba maganar gida biyu: matsayar da marubuci yake so a yarda da ita, da kuma hujjar da ya dogara a kanta. Kalmomi irin su "saboda haka" da "ke nan" kan share wa matsaya fage, su kuwa "domin" da "tun da yake" hujja suke gabatarwa. Mataki na biyu shi ne neman giɓin da ke tsakanin hujja da matsaya, wato abin da marubuci ya ɗauka gaskiya ne amma bai faɗa ba. Sai an gano wannan giɓi ake duba amsoshi. Ga misalin da muka ƙirƙira a kan wannan tsari:

Bara hukumar wani gari ta kafa fitilu a manyan tituna. Bana ƙarar sata da ake kai wa 'yan sanda daga waɗannan tituna ta ragu. Saboda haka fitilun ne suka rage sata.

Wanne ne daga cikin waɗannan, in gaskiya ne, zai fi raunana wannan magana?

(a) Fitilun sun ci kuɗi mai yawa.
(b) Mazauna titunan suna jin daɗin fitilun.
(c) A watan da aka kafa fitilun aka ninka yawan 'yan sintiri a titunan.
(d) A titunan da ba a kafa fitilu ba sata ba ta ragu ba.
(e) Wasu fitilun da hasken rana suke aiki.

Idan muka lura, marubucin ya ga abu biyu sun biyo juna sai ya yanke cewa na farko ne ya haifar da na biyu. Amsa (c) ce daidai, domin ta kawo wani sababin da zai iya bayyana raguwar satar ba tare da fitilun ba. Amsoshin (a) da (b) da (e) sun shafi fitilu, amma ba su taɓa alaƙar fitilu da sata ba. Ita kuwa (d) tarko ce, domin ƙarfafa maganar take yi, kuma mai gaggawa kan zaɓe ta saboda ya manta abin da aka tambaye shi.

Da za a sauya tambayar a ce wane zato ne maganar ta dogara a kansa, akwai dabarar da ake bi, wato a kore amsar a ga abin da zai faru. Alal misali, a ɗauki zaton cewa "mutane ba su daina kai ƙarar sata ba". In aka kore shi ya zama sun daina kai ƙara, to raguwar ƙara ba ta nuna raguwar sata ke nan, maganar ta rushe. Duk zaton da korewarsa ke rusa magana, dole ne maganar ta dogara a kansa.

4.0 "Idan" da "Sai"

Babban ramin da ɗalibai ke faɗawa shi ne kasa bambance sharaɗin da ya wadatar da sharaɗin da ya zama dole. A nan harshen Hausa ya yi wa mai koyo gata, domin ya ware wa kowanne kalmarsa. Dubi wannan:

Ba a shiga zauren jarrabawa sai da katin shaida. Audu yana da katin shaida. Ke nan za a bar Audu ya shiga.

Wannan matsaya ba ta tabbata ba. Kalmar "sai" ta nuna cewa kati dole ne, amma ba ta ce ya isa ba. Mai yiwuwa Audu ya makara, ko bai biya kuɗin rajista ba. Abu biyu kaɗai za a iya fitarwa daga jimlar farko: duk wanda ya shiga yana da kati, kuma wanda ba shi da kati ba zai shiga ba. Da an ce "idan mutum yana da kati za a bar shi ya shiga", da matsayar ta inganta. Lauyan da ya rikita waɗannan biyu zai karanta sashen doka a juye, shi ya sa jarrabawar ke yawan komawa kansu.

Haka abin yake ga kalmomin adadi. A aji mai ɗalibai 40, in mafi yawansu sun ci lissafi, kuma mafi yawansu sun ci Hausa, to dole a sami wanda ya ci duka biyun, domin 21 da 21 sun haura 40. Amma in "wasu" aka ce a wurare biyun, babu abin da ya wajaba, don kuwa ana iya samun rukuni biyu da ba su haɗu ba.

5.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

Ba muna kira a ɗauko jarrabawar Amurka a dasa a makarantunmu ba ne. Ilimin manɗiƙi ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin malaman zaure sun daɗe suna karantar da shi. Abin da muke nunawa shi ne wannan ƙwarewa ba ta rataya ga Ingilishi ba, kuma ɗalibin da ya fara koyonta cikin harshen da yake tunani da shi zai fi saurin kama ta. Ɗalibin da aka saba tambayarsa "wa ya yi?" da "ina aka yi?" kawai, zai iya haddace labari amma ya kasa gane lokacin da ake yaudararsa da magana. Bisa wannan muke ba da shawarwari kamar haka:

i. A darasin auna fahimta na babbar sakandare, a riƙa haɗawa da tambayoyin da ke neman ɗalibi ya fito da matsayar marubuci da hujjarsa da zaton da ya ɓoye.

ii. A darasin nahawu, a koyar da "idan" da "sai" da "duk" da "wasu" da "mafi yawa" tare da abin da kowace ke wajabtawa.

iii. A insha'in muhawara, a ware maki ga ɗalibin da ya kawo abin da zai iya raunana matsayinsa kuma ya amsa shi.

iv. Masana su daidaita kalmomin fannu na wannan ɓangare, domin littattafan makaranta su yi magana da murya ɗaya.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa warware waɗannan tambayoyi ya ta'allaƙa ne ga raba matsaya da hujja, da gano giɓin da ke tsakaninsu, da kula da ƙananan kalmomi masu ɗauke da sharaɗi ko adadi. Aiwatar da shawarwarin da muka kawo ba ya buƙatar sabon darasi a jadawali. Abin da yake buƙata shi ne a horar da malamai kan tsara irin waɗannan tambayoyi, a kuma gwada su a wasu zaɓaɓɓun makarantu kafin a shigar da su cikin manhaja.