Fadan Kagoma: Matasan da ke goye da guba a gonakin citta

Da saukar damina, gonakin citta na Fadan Kagoma da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a a Jihar Kaduna kan cika da 'yan ƙwadago, ciki har da ɗalibai masu neman kuɗin makaranta. Yawancin masu feshi kan goya injin mai cin lita 16 babu safar hannu, babu takunkumi. Idan injin yana yoyo, maganin kan jiƙa riga ya ratsa fata. Ciwon kai, jiri da amai kan biyo baya, sau da yawa a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne.

Dokoki kam akwai su. Tun 2002 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari. Hukumar NAFDAC kuma ta haramta paraquat, maganin ciyawar da gubarsa ba ta da makari, daga farkon 2024.

Sai dai takardar da aka sa wa hannu a Abuja ba ta kare bayan yaro. Wannan aikin malamin gona ne da jami'in da ke duba shagunan Kafanchan, kuma zuwansu ya dogara ga kuɗin da gwamnati ta saki.