Rinin Nailan Ba Irin Na Karofi Ba Ne

Kwanan baya ƙanena da ke karatu a Kano ya zo gida Gumel da tsaraba, awarwaro biyu farare fat, masu kaushi kamar bayan ƙwarya. Ya ce ba maƙeri ya yi su ba, injin ne ya gina su. Garin nailan ake shimfiɗawa siriri, hasken lesa ya narkar da inda kwamfuta ta zana, a sake shimfiɗa wani a kai, hawa bisa hawa kamar ginin tukunya. Wani ɗalibi mai suna Carl Deckard ya ƙago dabarar a Jami'ar Texas ta Amurka cikin shekarun 1980.

To, fari ba ya jure hannun mai aikin gida. Kwana uku suka yi dauɗa. Ran Alhamis na aika kasuwar Maigatari aka sayo mini garin rini irin na atamfa, na kwaɓa da ruwan sanyi da kanwa, na jiƙa ɗaya ya kwana. Da safe na ɗauraye, sai ga shi ya fito dishi-dishi, kuɗina sun tafi a banza.

Laifina ne. Auduga ce ke son toka da kanwa, shi ya sa marinan Ƙofar Mata ke zuba toka cikin baba. Nailan kuwa, da kamfanin DuPont ya fara haɗawa a 1935, halinsa na ulu da siliki ne, tsami yake so da zafi. Sai ki nemi rinin da aka rubuta na nailan ko ulu ne. Ki wanke abin tas, ki ɗora ruwa har ya kusa tafasa, ki zuba rinin da ɗan ruwan khal, ki saka shi kina juyawa kina dubawa, don yana sha da sauri. Haka na yi wa na biyun, ya fito ja wur. Amma rinin a fata kawai yake tsayawa, in kin kankare da wuƙa za ki tarar da fari a ciki.

Don Allah kada a yi a tukunyar miya. A ware tsohuwa, a sa safar hannu, a kori yara daga wajen. Kuma ledar cefane da wasu ke kira nailan ba nailan ba ce, rini ba ya kama ta.

A Jamus akwai kamfanin DyeMansion da sana'arsa ke nan, rina irin waɗannan kaya. Da na faɗa wa 'yan ajina, wata ta tambaye ni ko in irin injin nan ya zo yankin ciniki na kan iyakar Maigatari za a ɗauki mata, tunda karofi na maza ne. Na ce wannan rinin ba ya bukatar rami, tukunya da murhu ne, kuma mako mai zuwa kowa ta zo da farin zaren nailan mu gwada.