Yadda ake maido da bayanan da suka ɓace a kalandar Outlook

Ma'aikata da dama kan rubuta lokutan taro da muhimman bayanai a kalandar Outlook, manhajar imel ta kamfanin Microsoft, sai a wayi gari a tarar babu su.

Galibi dai bayanan ba salwanta suka yi ba, wuri kawai suka sauya.

Abin da aka goge daga kalandar yakan faɗa cikin jakar Deleted Items, inda za a iya jawo shi a mayar da shi mazauninsa.

Ko da an share jakar, ofisoshin da ke amfani da Exchange Online na da kwanaki 14 na nemo bayanan ta hanyar Recover Deleted Items, kuma jami'in kula da kwamfutoci na iya tsawaita wa'adin zuwa kwanaki 30.

Kazalika a tsohon samfurin manhajar, tsarin AutoArchive, idan an kunna shi, yakan kwashe bayanan da suka haura watanni 6 zuwa fayil mai suna archive.pst.

Sai dai jinkiri na da hatsari, domin da zarar wa'adin ya cika, wanda bai adana kwafi ba yana iya rasa bayanansa baki ɗaya.